Ciwon sukarin yara: A fara da sanin namu

A watan Nuwamba na 2022 ne hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da teplizumab, magani na farko da ke jinkirta ɓullar ciwon sukari nau'i na ɗaya. Wannan shi ne nau'in da ya fi kama yara, inda garkuwar jiki ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Maganin ba ya hana ciwon, jinkirin kimanin shekara biyu kawai yake samar wa mai shirin kamuwa, a kan kuɗin da a 2022 ya doshi dala 194,000. Sanin wane yaro ne ke cikin haɗari kuwa aiki ne na shekaru. Binciken TEDDY kaɗai, wanda aka fara a 2004, ya bibiyi yara fiye da 8,000 a Amurka da Jamus da Suwidin da Finland tun suna goye.

Mun yaba da wannan ci gaba, amma ina rabon yaron Talata Mafara ko Bakura ko Maradun a ciki? Wani bincike da aka wallafa a 2025 kan matasan Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu ya gano cewa kimanin kashi 65 cikin ɗari na masu ciwon ba su da alamun harin garkuwar jiki a jininsu. Ke nan ma'aunin da aka gina da jinin 'ya'yan Turawa yana iya tsallake namu.

Ko kafin nan ma, tamu matsalar ta fi kusa da ƙasa. Yaro ya kama yawan fitsari da ƙishirwa da rama, sai a ce shawara ce ko iska. Sa'ad da za a keto hanya mai haɗari a kai shi asibiti ya galabaita, kuma ba mamaki a soma da allurar zazzaɓin cizon sauro. Idan an dace da insulin, wanda ake ceton rai da shi tun 1922, sai a koma neman inda za a adana shi a zafin bazara, babu wutar lantarki, sai dai gindin randa.

Mun san dalilin da ya sa iyaye ke ɗari-ɗari da masu ɗibar jini. Gwajin Trovan na Kano a 1996, inda yara 11 daga cikin 200 suka rasu, bai bar zukata ba, kuma yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Anka da Bukkuyum, iyayen Zamfara sun miƙa 'ya'yansu an auna jininsu, domin sun ga magani na biye da awon.

Saboda haka muke kira ga gwamnatin jihar da ta samar da na'urar awon sukari a kowane asibitin karkara na waɗannan ƙananan hukumomi uku, ta kuma buɗe rajistar yara masu ciwon tare da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Duk binciken da zai biyo baya, a nemi yardar iyaye da Hausa, a gaban shaidu, kuma yaron da aka samu da ciwon a ɗauki nauyin insulin ɗinsa ko bayan masu binciken sun naɗe tabarmarsu.