Baitulmali Ba Jarin Fatauci Ba Ne: Darasi Daga Croydon

A gefen kudu na birnin Landan akwai wata gunduma da ake kira Croydon, mai mutum wajen 390,000, da yawa daga cikinsu ma'aikata ne masu shiga jirgin ƙasa da safe su tafi aiki cikin birni, su komo da yamma. Tana ɗaya daga cikin gundumomi 32 da aka kafa a Landan cikin 1965. Majalisarta tana da wakilai 70, ita ke kwashe shara, da gyaran hanyoyi, da ba matalauta gidaje, da kula da marayu da tsofaffi. Abin da ya sami wannan majalisa ya isa duk mai riƙe da alƙalamin hukuma ya tsaya ya yi tunani.

Ba mu ƙi ba, majalisun Ingila sun yi kukan kuɗi bayan 2010, sa'ad da Gwamnati ta tsuke taimakon da ta ke ba su, alhali kuwa masu bukata sai ƙaruwa su ke yi. Amma wannan wahala ta sami kowa, ba kowa ne ya faɗi ba. Shugabannin Croydon, 'yan jam'iyyar Leba, suka ga hanyar fita ita ce su ci bashi su shiga ciniki. Suka kafa kamfanin gina gidaje mai suna Brick by Brick, suka ranta masa wajen fam miliyan 200, riba ba ta komo ba. Cikin 2018 suka sayi wani babban masaukin baƙi wajen fam miliyan 30, bai cika shekara biyu ba ya durƙushe, aka sayar da hasara. Gyaran zauren wasanni na Fairfield, wanda aka kimanta fam miliyan 30, ya ci fiye da ninki biyu. Kafin a farga bashi ya kai wajen fam miliyan 1,500.

To, a Ingila akwai doka ta 1988 wadda ta ɗora wa Ma'aji wani nauyi. In ya ga abin da za a kashe ya fi abin da zai shigo, tilas ne ya rubuta takarda ya sanar, sa'an nan a tsai da duk wani sabon kashe kuɗi sai wanda doka ta wajabta, majalisa kuma ta zauna cikin kwana 21. Ma'ajin Croydon ya ba da wannan takarda cikin Nuwamba 2020, aka sake cikin Disamba, aka kuma sake cikin Nuwamba 2022.

Abin tambaya shi ne, ina wakilai 70 su ke sa'ad da ake wannan? Masu binciken lissafi sun sha yin gargaɗi, rahotonsu na Oktoba 2020 kuwa ya nuna ba a kula ba. 'Yan jam'iyyar da ke mulki sun ga tambayar shugabansu kamar cin amana ne, manyan ma'aikata kuma ba su ja daga ba. A ganinmu nan ne ciwon ya ke. Ɓarna ba ta shiga baitulmali da ƙarfi, da shirun masu tsaro ta ke shiga.

Da abin ya ishi jama'a sai aka yi ƙuri'a cikin Oktoba 2021, wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka fito suka ce a ba su Magajin Gari wanda za su zaɓa da hannunsu. Cikin Mayu 2022 Jason Perry na jam'iyyar Konsabatib ya ci da ratar ƙuri'a 589 kaɗai. Amma sauya hula ba ya warkar da ciwon kai. Cikin 2023 aka ƙara harajin gida kashi 15 cikin 100, alhali abin da aka saba yarda wa majalisa bai wuce 5 ba. Cikin 2025 Gwamnati ta aiko da kwamishinoni su sa ido a kan majalisar. Wanda bai ci nanin ba shi ya biya: tsohuwa mai fansho, da yaron da aka rage wa ɗakin karatu.

Saboda haka muna jawo hankalin akawuna da ma'aji da malaman makaranta. Kuɗin haraji amana ne, ba jarin fatauci ba. Akawun da ya ga lissafi bai daidaita ba, ya rubuta ya sa hannu tun da wuri, ko da manya za su ɓata rai. Wakilin da bai gane kasafi ba, kada ya ji kunyar cewa a sake karanta masa. Malami kuwa ya koya wa almajiransa cewa tambayar inda haraji ya tafi ba rashin kunya ba ne. Tun ran gini, ran zane.