Wutar Da Ba Mu Kunna Ba

'Yan'uwa talakawa, yaƙin duniya na biyu bai faɗo daga sama ba. Kwaɗayin ƙasar wani ya haife shi. A 1931 Japan ta cinye Mancuriya, manyan ƙasashe suka tsaya ga surutu. A 1937 ta auka wa Sin. A 1938 Hitila na Jamus ya haɗiye Ostiriya, sai Ingila da Faransa suka ƙara masa da wani yanki na Cekoslobakiya wai don ya lafa. Yaushe kura ta ƙoshi da ƙashi ɗaya? Ran 1 ga Satumba 1939 ya shiga Polan, duniya ta kama da wuta.

Wani zai ce ina ruwan Kurni. To, ga ruwanta. Da Faransa ta faɗi a Yuni 1940, Nijar ta zauna hannun gwamnatin Bishi, mai bin Jamus, har Nuwamba 1942. Aka tsananta tsaron iyakar Damagaram da Daura, zumunci da fatauci suka zama laifi. Talaka ya sha lanho da aikin tilas. Samarin Kano da Katsina aka kwashe su zuwa Bama yaƙar Japan. Sojan Afirka da suka komo daga Turai suka nemi kuɗinsu, Faransa ta buɗe masu wuta a Caroy, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944. Aikin tilas kuwa sai 1946 aka kashe shi.

Saboda haka duk mai ƙarfin da ya taka ƙasar maƙwabcinsa, fari ne ko baƙi, a tsawata masa tun da wuri. In an yi shiru, har manomin gyaɗa sai ya biya. A karanta wannan a kowane reshe ran kasuwa.