A Fitar da Yara Cikin Rana

Abin takaici ne ɗan firamare a Kano ya haddace ma'anar yanayi da Turanci, amma ya kasa faɗin abin da ke kawo damina. Laifin namu ne, da muka mai da kimiyya hadda.

Masu cewa darasin ya fi ƙarfin yara, ko babu kayan aiki, ba su da hujja. Kwano biyu sun isa, ɗaya da yashi, ɗaya da ruwa. A ajiye su a rana da hantsi, da azahar yara su taɓa: yashin ya fi zafi.

Haka rana ke gasa Sahara a bazara fiye da Tekun Atlantika. Iska mai zafi ta yi sama, mai laima ta kwararo daga kudu maso yamma ta maye gurbinta, hadari ya haɗu. Idan rana ta karkata kudu, iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙurar Bodele ta Chadi, hunturu ya shigo.

Al'ummar da tuwonta ya dogara ga ruwan sama ba ta da uzurin rainon yaran da ba su san mafarinsa ba.