Avalon: Ku Fara Zama A Kujerar Baya

Jama'a, in za ku sayi Toyota Avalon, ku fara buɗe ƙofar baya ku zauna, domin motar iyali ce, kuma a nan Hajiya da yara za su kwashe awanni a hanya. A 1994 aka fara ƙera ta a Kentucky ta Amurka, sai a 2022 kamfanin ya daina sayar da ita can, ya kawo Crown a madadinta. Samfurin 2019 na da injin V6 mai lita 3.5 da ƙarfin doki 301, wanda ya ishe ka wuce tirela hankali kwance. Inda nake saɓawa da matasanmu shi ne rububin da suke yi wa Avalon nau'in Touring saboda ƙafafunta masu inci 19. Tayarta siririya ce, an yi ta don titin Amurka mai santsi, ramin farko a hanyar Kaduna zai iya lanƙwasa ƙarfen ƙafarta. Ni dai nau'in XLE nake zaɓa: ƙafa inci 17, taya mai kauri da ke shanye gargada, injin kuma iri ɗaya ne, ga rangwamen kuɗi.