Littattafan Kyauta a Waya da Mai Bi a Bakin Aiki

Yawancin majami'unmu a Kano suna wajen ganuwa, musamman a Sabon Gari, amma akwai 'yan'uwanmu da ke neman abinci cikin Birni, a kasuwar Rimi ko asibitin Murtala. A can ake gwada bangaskiyarsu: wajen awo, biyan bashi da cika alkawari. Me suke karantawa?

Tun faɗuwar naira a 2023 littafin takarda ya yi tsada, sai muka koma waya. Manhajar YouVersion tana ba da Littafi Mai Tsarki da Hausa kyauta. Shafin Theology of Work yana da sharhin Nassi game da aiki, amma da Turanci. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin data da kashi 50.

Kyautar ma sai da lura. Wasu littattafan arziki ba gumi suke alkawarta, alhali Manzo Bulus ɗinkin tanti ya yi (Ayyukan Manzanni 18:3).

Saboda haka fastoci su tantance, matasa su sauke su rarraba ta Xender bayan sujada, malamanmu kuma su nemi izini su fassara da Hausa. Ubangiji ya taimake mu.