Zare: Kar ka ba manhajarka mukullin gidan gaba ɗaya

1/ Hutun nan a Danja na haɗa wa kawuna 'yar manhaja da PostgreSQL, tana riƙe lissafin kwandunan tumatir da bashin da yake bin dillalai. Wallahi saura ƙiris in jawo masa asara.

2/ Wani teburi ya ƙi goguwa, sai na shiga pg_class in cire shi da hannu. Nan ne rumbun bayanan yake ajiye sunayen teburansa duka. Na kuskure layi, teburin bashin ya ɓace. Kwafin da na ɗauka da pg_dump daren jiyansa ne ya cece ni.

3/ Abokina ya ce ai allow_system_table_mods a kashe yake tun asali. Gaskiya ne, amma sauya tsarin teburan yake hanawa. Babban asusu, wato postgres, zai iya goge layi a cikinsu, ba mai tsayar da shi.

4/ Ra'ayina: kar manhaja ta taɓa shiga da asusun postgres. Buɗe mata nata, ka ba ta izinin teburanta kaɗai da GRANT. In gyara za ka yi, bi ta ALTER ko DROP. In sun ƙi, karanta dalilin, kar ka haura katanga.

5/ Microsoft ma tun SQL Server 2005 ta toshe wannan ƙofar. Wasu na cewa takura ce. Ni da na ga fuskar kawu ranar, na yarda da takurar.