Tauraron ɗan'adam ya ga rufin gidajenmu, amma bai san sunan ƙauyenmu ba

Ka buɗe Google Maps a wayarka ka nemi Wuse a Abuja. Kowane layi da sunansa, har mai wankin mota da wurin sayar da shawarma. To yanzu ka nemi Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu. Za ka ga babbar hanya da 'yan wurare kaɗan, kana matsawa gefen gari sai fili fetal kamar babu kowa. Amma ka juya zuwa hoton tauraron ɗan'adam, sai ga rufin kwano da gonaki da hanyoyin babura sun fito. Mutanen suna nan, hotonsu ma yana nan. Suna ne babu, kuma na'ura ba za ta iya sanin sunan ƙauye daga sama ba, sai wani ɗan wurin ya faɗa mata.

Ra'ayina shi ne wannan aiki namu ne, mu matasan ƙasar Zuru masu riƙe da wayoyi, kuma a OpenStreetMap ya kamata mu fara yinsa.

Abin da ake kira GIS ba wani tsafi ba ne, taswira ce da aka haɗa da rumbun bayanai. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi biyu da ke nuna inda yake a doron ƙasa, a bayansa kuma akwai bayani: wannan rijiyar burtsatse ce, tana aiki ko ta lalace. Ana jera bayanan hawa-hawa, hanyoyi daban, koguna daban, asibitoci daban, sai a ɗora su kan juna a yi tambaya. Misali, ƙauyuka nawa ne suka fi kilomita 10 nisa da asibiti mafi kusa? A da sai mai babbar kwamfuta ke iya wannan, yau a burauzar waya ake yi. Kuma GPS ɗin wayarka ba ya cin data, saƙon taurari kawai yake saurara, idan ya samu huɗu ya gano inda kake. Sauko da hoton taswirar ne ke cin data.

Wanda yake ganin wannan wasan 'yan birni ne, ya tuna da rigakafin shan inna. Shekaru da yawa da taswirar da aka zana da hannu a takarda ake tura masu ɗiga wa yara magani. Idan mai zanen ya manta wata ruga ko wani ƙauye da ke kan iyakar mazaɓu biyu, shi ke nan, kowace tawaga sai ta ɗauka na ɗayar ne. Daga wajejen 2012 aka fara zana matsugunan jihohin Arewa daga hoton tauraro, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, da ƙungiyoyi irin su eHealth Africa mai ofis a Kano. Aka riƙa ba tawagogi wayoyin Android da ke rubuta inda suka taka, da yamma a ɗora sawunsu kan taswira a ga inda ba a je ba. Ta haka aka gano matsugunai da yawa da ba su cikin lissafin kowa. A Borno aka ga masu cutar na ƙarshe a 2016, a watan Agustan 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da nau'in cutar na asali daga Afirka. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, mata ne suka bi gida-gida cikin rana. Amma gidan da ba a san da shi ba, ba a ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Me ya sa OpenStreetMap, alhali kowa Google ya sani? Ba ni da faɗa da Google, ni ma da shi nake neman hanya idan na shiga garin da ban sani ba, kuma mai shago ya saka shagonsa a can, zai amfana. Sai dai abin da ka ba Google ya zama nasa. Ba za ka iya sauke rumbun bayanansa ka yi abin da kake so da shi ba, idan kuma manhajarka ta dogara da taswirarsa, da zarar masu amfani sun yi yawa sai biya, da dala. OpenStreetMap kuwa, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kowa na iya gyarawa kamar Wikipedia, kowa na iya sauke bayanan kyauta matuƙar ya bi sharaɗin lasisinta. Ga mai rubuta manhaja irina wannan ba ƙaramin abu ba ne: da Leaflet da 'yan layuka na JavaScript ka haɗa shafin da ke nuna duk rijiyoyin mazaɓarku. Lokacin girgizar ƙasar Haiti a 2010 da annobar Ebola a Gini a 2014, wannan taswirar 'yan sa-kai suka cike, masu agaji suka yi aiki da ita.

Na san abin da ke ranka, domin shi ake fara ce min: a wannan hali da muke ciki, ba mu nuna wa 'yan bindiga hanya ba ke nan? Tambaya ce mai nauyi, musamman a ƙaramar hukumar da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashi ɗalibai a Nuwamban 2025. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutumin da ke kwana a daji bai jira waya ta nuna masa hanyar ƙauye ba. Ya san kowane rafi da kowace burtali, ga kuma masu kai masa rahoto. Wanda bai san hanyar ba shi ne jami'in tsaron da aka turo daga nesa, da direban motar asibiti, da ma'aikacin agajin da ke zaune a Birnin Kebbi yana lissafin inda zai kai abinci. Taswirar da babu komai a cikinta su take makantarwa.

Duk da haka ba komai ake ɗorawa ba. A 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka, saboda kawai sojojin suna gudu da ita a kunne. Don haka kada a saka gidan kowa da sunansa, ko inda 'yan sa-kai ke taruwa, ko shingen jami'an tsaro, ko inda ake kwana da shanu, ko inda mutane ke ɓuya idan an kawo hari. Wannan ɗabi'a ta ɗora hoto a Facebook tare da nuna inda kake a daidai lokacin, ita ma ta fi kowace taswira haɗari.

Abin sakawa shi ne sunayen ƙauyuka, asibitoci, rijiyoyi, kasuwanni irin ta Bena da ranakun cinsu, gadoji, da mashigar ruwan da mota ba ta iya wucewa a watan Agusta. Wannan na ƙarshen babu tauraron da zai faɗa maka, ɗan acaɓa ne ya sani. Sunaye ma a kula da su. OpenStreetMap tana barin a rubuta wa wuri ɗaya suna fiye da ɗaya, na takardun gwamnati, na Hausa, da na C'lela yadda Dakarkari ke kiransa, maimakon a bar wani da ke zaune a Turai ya kwafo rubutun da Turawan mulkin mallaka suka karkace.

Kayan aikin suna hannunka. Ka buɗe asusu a shafin OpenStreetMap, ka sauke Organic Maps ko OsmAnd, dukansu suna aiki ko babu sabis bayan ka sauke taswirar yankin sau ɗaya. Every Door tana sauƙaƙa saka wurare, Vespucci ta masu son zana hanyoyi ce. Kada ka kwafa daga Google, lasisi ya hana, kuma idan aka gano za a goge aikin. Kada ka shiga inda babu tsaro don neman ɗigo ɗaya, yawancin ƙauyuka daga hoton tauraro za ka gano su kana zaune, sai ka tambayi ɗan garin ya tabbatar maka da sunan. Kafin ka fara yawo da waya a unguwa kana danne-danne, ka je ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani, don a irin wannan lokaci mai yin haka ba a rasa wanda zai ɗauke shi ɗan leƙen asiri.